Kirgin da Ba Ya Saki

Ɗan yayata ya rasu a asibiti a nan Makka, bai cika shekara arba'in ba. Ciwon daji ne ya kama shi a hanji. An yi masa salla a Harami bayan la'asar. Shi kaɗai ne jinina a ƙasar nan, sai 'yan 'ya'yansa. Ni na ɗinka masa bel da kuben bindigar da yake zuwa gasar harbi da su.

Ni baduku ne. A Sakkwato na koyi aikin, a gaban mahaifina. Na zo hajji da ƙuruciyata, ban koma ba. Ba ni da igama, takardar izinin zama, ban taɓa samunta ba. Yayata ta riga ni zuwa, ta auri wani Bahaushe haifaffen Makka mai takardar ɗan ƙasa, suka haifi ɗa ɗaya. Mijin ya rasu, daga baya ita ma ta bi shi. Ɗan nasu ɗan ƙasa ne, ni kuwa kawunsa ne mai canza hanya idan ya hango motar jawazat, masu kamen marasa takarda. Wannan bai taɓa hana shi hawowa unguwar Nakkasa, a kan dutse, ya zauna a ɗakina ba.

A can sama nake a lokacin, inda mota ba ta kaiwa, sai matakala. Ɗaki ɗaya ne, a nan nake kwana, a nan nake aiki. Da farko bel ɗin harami nake ɗinka wa alhazai, ina kaiwa unguwar Misfala. Da na kanti suka cika gari sai na koma gyaran takalma da jakunkuna, da kuben wuƙaƙen mahauta idan layya ta matso.

Shi kuwa direban bas ne a Kudai. Ƙato ne, mai tumbi, mai dariya da ƙarfi. Larabci ya fi zama a bakinsa. Hausarsa ta uwarsa ce, tana da gurɓi a wurare da yawa, yana cike gurbin da Larabci ko da hannu. Idan ya iso ƙofata yakan tsaya yana haki, ya ce, “Kawu, kai da akuya kaɗai ke son wurin nan.”

Wata rana ya zo ya zauna a kan buhun tsofaffin takalma, ya sha shayina, ya ce, “Kawu, za ka iya ɗinka wa bindiga gida?”

Na ce, “Bindigar wa?”

“Tawa. Da lasisi da komai. Daina kallona haka.”

Ya yi mini bayani. Ya shiga wata ƙungiyar masu harbi, suna kiran wurin nadi, a kan hanyar Jidda, bayan an fita iyakar Harami. Ƙaramar bindiga ce ta hannu. Mutum zai tsaya da ita a ƙugu, wata 'yar na'ura ta yi ƙara, ya zare, ya harbi faranta na ƙarfe, ya ruga wani wurin ya sake harbi. Wanda ya fi sauri kuma ya fi saiti shi ya ci. Sauran duk kuben roba suke saye daga waje. Shi ya ce ba zai sa roba a jikinsa ba alhali kawunsa baduku ne.

Na ce, “Kawo ta in gani.”

“Nan? Kana so a kwashe unguwar duka?”

Bindigar a nadi take kwana, a cikin akwatin ƙarfe. Ko da an yarda ma, ya ce shi ba zai shigo da makami cikin Harami ba, haka uwarsa ta tarbiyyantar da shi. Saboda haka ban taɓa riƙe ta ba. Ya kwantar da ita a kan kwali ya zana mini gefenta. Ya danna ta a cikin yumɓu, gefe da gefe, ya kawo mini a cikin kwanon abinci. Na ɗauki ƙafar wani tsohon gado na sassaƙa irinta. Na tambaye shi nauyinta. Ya faɗi wata lamba, na ce ni ban san wannan ba. Da ya dawo sai ya zo da ƙullin shinkafa, ya ce ya auna, nauyinsu ɗaya. Na huda cikin itacen na zuba dalma, ina kaiwa sikelin mai tumatir ina gwadawa, har suka daidaita. Shinkafar kuma muka dafa muka ci.

Kube na farko na yi shi ne yadda na san kube. Na samo jar fatar akuya irin ta gida a wurin wani alhaji. Na yi masa zane, na sa masa tuntaye. Na matse bakinsa sosai, domin a garinmu kube mai kyau shi ne wanda ba ya sakin wuƙa ko doki ya yar da kai. Na ji daɗin aikin. Shi ma ya yaba, ya tafi da shi.

Ya dawo yana dariya tun daga matakala.

“Kawu, ka kashe ni. Na'ura ta yi ƙara, na ja, bindiga ta ƙi fitowa. Na ƙara ja, wandona ya hau har ƙirji. Mutane sun gama harbi suna shan ruwa, ni ina kokawa da tuntaye.”

Na ce, “Ai ba ta faɗi ba.”

“Ba ta faɗi ba kam. Ko gobe tana nan.”

Sannan ya faɗa mini abin da ake so. Kuben ya rufe kunamar bindigar, kada yatsa ya kai gare ta kafin a zare. Ya riƙe ta idan mutum yana gudu ko ya durƙusa, domin duk wanda bindigarsa ta faɗi ƙasa alƙali zai fitar da shi daga gasar nan take. Kuma ya sake ta da zarar hannu ya ɗaga ta.

Na ce, “Ya riƙe, kuma ya saki. Aljani kake so in ɗinka maka.”

“Ai shi ya sa na zo wurinka.”

Na ɓata fata da yawa kafin in gane. Fatar akuya ba ta wannan aikin, sai kirgi, jemammiyar fatar shanu mai kauri. Ɗan yayata ne yake sayo mini shi daga Jidda. Ina jiƙa shi a ruwa mai ɗumi har ya yi laushi. In naɗe bindigar itacen da leda, in lulluɓa mata kirgin, in bi kowane lungu da ƙashin rago ina dannawa, har siffarta ta fito a waje. Sai in bar shi ya bushe a inuwa. Ranar Makka ba ta da haƙuri, idan ta taɓa shi sai ya tsage. Idan ya bushe in goge cikinsa da kakin zuma har ya yi santsi. Riƙon ba a baki yake ba, a wuri ɗaya ne kawai, daidai zoben da ya kewaye kunama. Nan ake dannawa. Sauran jikin a bar mata hanya.

Bel ɗin kuwa ban sha wahalarsa ba, don bel aikina ne. Tun zamanin alhazai na san gumi yana sa fata ta saki. Mutum zai ɗaura harami a Mina da bel daidai, kafin ya sauko daga Arfa yana riƙe da zane a hannu. Abin da na koya shi ne in haɗa kirgi biyu, in sa igiyar roba mai faɗi marar miƙewa irin ta ɗaure kaya a tsakaninsu, in manne, in ɗinke gefe biyu. Wannan ba ya saki. Ko raƙumi ka ɗaure da shi, tsawonsa yana nan. Irinsa na yi masa, da aljihunan gidan harsashi a gefen hagu. Ni ba na awo da tef. Na zagaya ƙugunsa da igiya, na ƙulla a inda ta haɗu, na rataye ta a ƙusa.

Ya ce, “Kada ka nuna wa kowa igiyar nan. Asirina ne.”

Na ce, “Ai ta isa ɗaure rago biyu.”

Shekaru ya yi yana harbi da kayan nan. Abokansa suna tsokanarsa, wai ya rataya takalmin kakansa a ƙugu. Wani lokaci ya wuce su, wani lokaci su wuce shi. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Kafin kowace gasa yakan hawo ɗakina ya ɗaura bel, ya sa bindigar itace a kube, ya kunna ƙarar na'urar a wayarsa, ya yi ta zarewa yana nuna bango. Ni ina zaune ina ɗinki, ina sauraron ƙarar fitarta. Daga ƙarar nake gane ko kuben yana son kaki.

Ban taɓa ganinsa yana harbi ba. Tsakanina da nadi akwai shingen bincike a hanyar Jidda. Mai irin halina ba ya bin wannan hanya don kallo. Idan aka kama ka sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ni kuma ba ni da kowa a can yanzu. Duk wanda na sani yana ƙarƙashin ƙasa.

Wata rana ya zo da bel ɗin a hannu. Ya daɗe a bakin ƙofa kafin numfashinsa ya dawo.

Ya ce, “Kawu, fatarka ta saki. Yana zamewa.”

Na karɓa na duba. Ɗinkin yana nan lafiya. Ya juya yana zuba shayi, na sauke igiyar nan daga ƙusa na shimfiɗa ta a jikin bel ɗin. Ƙullin ya faɗa daidai hujin da ya saba sawa, inda ƙarfe ya yi wa fatar baƙin tabo. Bai ƙaru da ko faɗin zare ba. Na ɗaga kai na dube shi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na ce, “Zafi ne da gumi.”

Na huda masa sabon huji. Ya ɗaura, ya ce ya yi.

Ba a daɗe ba ya sake dawowa da maganar. Na sake hudawa. Da ya tafi na sauka na je gidansa a lokacin da na san yana wurin aiki. Matarsa ta buɗe mini. Ita ma haifaffiyar Makka ce, tana kirana Kawu kamar yadda yake kirana. 'Ya'yansu biyu ne, mata, ƙanana. Ta kora su ɗaki. Ban zauna ba. Na ce mata, “Me ke cin mijinki?”

Ta faɗa mini duka. Likitoci sun gani, an fara magani, sun ce ya riga ya bazu.

Na ce, “Shi ne ba a faɗa mini ba.”

Ta ce, “Shi ya hana. A gida mara lafiya ne. A wurin aiki mara lafiya ne. Kowa ya gan shi sai ya sassauta murya. Ya ce ɗakinka kaɗai ya rage inda ake zaginsa kamar da. Kawu, don Allah ka bar masa shi.”

Na bar masa. Idan ya zo ya ce fata ta saki, sai in ce majemin da ya jeme ta ɓarawo ne. Shi kuma ya ce duk dukawa bakinsu ɗaya da majema. In ce masa malalaci, mai tuƙa bas kamar yana jan jaki. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, in ci gaba da ɗinkina har ya gama. Gashin kansa ya zube, ya ce aski ya yi saboda zafi. Na ce kan ya fito kamar ƙwarya. Ya daina hawowa a tashi ɗaya, sai ya zauna a matakala sau da yawa. Ina hango shi ta taga. Ban taɓa sauka na tarye shi ba. Da na sauka, da ya gane.

Hujin ya yi ta matsowa har ya kusa inda kuben yake zama. Wutsiyar bel ɗin ta yi tsawo, tana zagayowa har bayansa. Ranar nan ya ɗaura, ya kama wutsiyar a hannu, ya tsaya yana kallonta. Bai ce fata ta saki ba.

Na ce, “Cire ka bar mini shi. Ɗinkin yana son gyara.”

Da ya tafi na warware ɗinkin ta wajen ƙarfen bel ɗin. Na yanke tsawon da ya yi yawa daga can, ba daga wutsiya ba. Na mayar da ƙarfen na ɗinke. Na matsar da kuben da aljihunan harsashi, kowanne ya koma inda hannunsa ya saba samunsa. Sababbin hujin da na yi ta yi, na rufe su da madaurin kuben. Na shafa wa sabon zaren toka da mai don ya yi duhu. Guntun da na yanke na sa a ƙarƙashin katifa.

Ya dawo ya ɗaura. Harshen ƙarfen ya shiga tsohon hujinsa mai baƙin tabo. Ya sunkuya ya duba. Na ga babban yatsansa yana bin sabon ɗinkin. Ɗan gidan dukawa ne, ya san sabon zare ko an shafa masa me.

Ya ce, “Ka gani, na dawo hujina.”

Na ce, “Na faɗa maka fata ce.”

Ya ce, “Fata ce, Kawu.”

Ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe yana gyara kuben da ba ya bukatar gyara.

Ya bar aiki. Likitoci suka ba shi hutu daga magani don jikinsa ya ɗan dawo. A cikin hutun nan ne nadi suka sa ranar gasa, ya ce zai shiga. Matarsa ta ƙi, daga baya ta yarda. Ni ba a tambaye ni ba. Aiki aka kawo mini.

Matsala biyu ce. Ƙashin ƙugunsa ya fito, bel mai tauri yana cin sa, nauyin bindiga yana ƙara masa. Wannan mai sauƙi ne. Na yanko fatar rago mai gashi na lulluɓe cikin bel ɗin daidai wurin. Na ce masa sabon yayi ne.

Ta biyun ita ce hannunsa. Ya kunna ƙarar a waya, ya kai hannu, ya ja. Bindigar itacen ba ta fito ba sai a ja na biyu. Kuben da ya yi shekaru yana zarewa kamar wasa, yanzu ya fi ƙarfinsa. Ya sake gwadawa, haka. Ya zauna a kan buhu.

Ya ce, “Kakin ya bushe.”

Na ce, “Ya bushe.”

Idan na bar riƙon yadda yake, zai tsaya a gaban mutane yana ja, wannan karon kuma ba wanda zai yi dariya. Idan na sassauta da yawa, bindigar ta faɗi, alƙali ya fitar da shi, ya dawo gida da wannan. Ba shi da wata gasar a gaba da zai gyara. Ni da shi duk mun sani.

Na jiƙa wurin riƙon kaɗai, da tsumma, kaɗan kaɗan. In buɗa shi da ƙashi, in bari ya bushe, in gwada. Ina zarewa da yatsu biyu na hannun hagu, domin ƙarfinsa bai wuce haka ba. Da ya fara fita da yatsu biyu sai ya rage in san ko zai riƙe. Wannan ba a gane shi a zaune. Na ɗaura bel ɗin a kan wandona, na cusa tsumma don ya kama ni, na sa bindigar itace, na saki jallabiya a kai. Na jira bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa. Na fita ina gudu a matakala, in sauka, in hau, in yi tsalle, in durƙusa.

Wata maƙwabciyata mai sayar da ƙosai ta leƙo ta gan ni, tsoho yana gudu da rana tsaka. Ta ce, “Baba, jawazat ne?” Ba ta jira amsa ba ta ja ƙofa. Kafin in juyo, lungun ya kama. Masu wanki sun bar wanki, wani tela ya haura katanga ba takalmi. A Nakkasa ba wanda yake gudu don motsa jiki. Sai da na bi gida gida ina ba da haƙuri, ina cewa kunama ce ta harbe ni. Telan bai yi mini magana ba har aka tashe mu daga unguwar.

Bindigar ba ta faɗi ba. Da na ba ɗan yayata labarin, ya yi dariya har ya kwanta a ƙasa yana riƙe ciki. Rabona da jin wannan dariyar an daɗe. Ban sake jin ta ba kuma.

Ranar gasar da safe suka zo gindin dutse da mota. Matarsa ke tuƙi. Na sauko da bel ɗin a cikin leda. Na sa wankakkiyar jallabiya. Na buɗe ƙofar baya na shiga.

Ya juyo ya ce, “Ina zuwa?”

Na ce, “Zan ga aikina.”

Muka bi ta Kudai, muka hau hanyar Jidda. Na riga na yanke shawara. Idan an kama ni, an kama ni. Da muka kusa shingen sai ya ce wa matarsa ta shiga wani gidan mai. Ta tsaya a gefen masallacin wurin.

Ya ce, “Sauka, Kawu.”

“Na ce zan je.”

“Sauka.”

“Kai ba ka isa ka sauke ni ba. Na ɗauke ka a kafaɗa kana fitsari.”

Bai yi dariya ba. Yana kallon gaba, ya ce, “'Ya'yana mata ne, ƙanana. Ba ni da wa, ba ni da ƙane. Idan suka ɗauke ka yau, wa zai shiga rami ya karɓe ni?”

Wannan ne kaɗai karon da ya faɗa da bakinsa. Matarsa ta kifa goshi a kan sitiyari. Na miƙa masa ledar, na sauka.

Na zauna a inuwar masallacin. Na yi azahar a nan. Wani mai wankin mota ya ba ni ruwa. Ina kallon motocin da ke dawowa ta ɗaya hannun.

Sun dawo kafin la'asar. Yana kwance a kujera, an kwantar masa da ita. Leɓensa ya bushe. Na shiga baya.

Na ce, “Ta faɗi?”

“Ba ta faɗi ba.”

“Ta fito?”

“Ta fito. Ja ɗaya.”

“Na nawa ka zo?”

“Idan aka juya takardar ƙasa ta koma sama, ni ne na biyu.”

Na ce, “Malalaci.”

Ya lumshe ido yana murmushi. Matarsa ta miƙo mini wayarta, ta ce ta ɗauki bidiyo. Na riƙe da hannu biyu. Ga shi a tsaye cikin rana, siriri, da abin toshe kunne a kansa. Na'ura ta yi ƙara. Hannunsa ya sauka, bindigar ta fito. Bai yi gudu ba, tafiya ya yi daga wuri zuwa wuri. Ya durƙusa a wani wurin, ya daɗe kafin ya tashi, alƙalin ya tsaya yana jiransa. Bel ɗin bai zame ba. Ban ga ko ya sami faranta ko bai samu ba. Ƙugunsa nake kallo.

Bai sake hawowa Nakkasa ba. Ni na riƙa zuwa gidansa, daga baya asibiti. A can ma ban sassauta murya ba. Ranar ƙarshe da ya gane ni, na ce masa gadon ya fi bas ɗinsa tsabta. Ya motsa baki, ban ji abin da ya ce ba.

A maƙabarta ma'aikatan suka ce danginsa na kusa ya sauka. Na sauka. Ba wanda ya tambaye ni takarda. Abokansa na nadi suka miƙo mini shi. Na karɓe shi ni da wani ma'aikaci, na kwantar da shi a gefen dama, na kwance ƙullin likkafanin. Na san nauyinsa tun yana jariri, na san shi yana ƙato. Wanda na karɓa ranar nan bai kai buhun takalman da yake zama a kai ba.

Bayan ta fita takaba matarsa ta aiko mini da bel ɗin da kuben. Bindigar an mayar wa hukuma. Biyu daga abokansa sun nemo ni, suna so in ɗinka musu irin nasa. Na ce na daina. Sun yi ta roƙo. Na ce su sayi na roba, ya fi sauri.

Daga baya aka shafa wa bangon ɗakina jan fenti, aka ce mu tashi, za a rushe. Abin da na iya ɗauka na ɗauka. Bindigar itacen na sa ta a ƙasan buhun tsofaffin takalma na wuce da ita ta gaban askar, jami'an tsaro. Ba don ina sonta ba. Kube idan aka bar shi ba komai a ciki, bakinsa yakan rufe, ba ya sake buɗuwa daidai. Igiyar awon da guntun da na yanke suna tare da su a leda ɗaya. Idan sanyi ya shigo nakan fito da kuben in shafa masa kaki, in mayar.

Matarsa ta koma gidan iyayenta da yaran. Ranar Juma'a nakan je in gaishe su. Ƙaramar ba ta jin Hausa ko kaɗan, amma tana cewa Kawu.

Yanzu ina Kudai, a bayan tashar bas, ɗaki ɗaya da wasu tsofaffi irina. Da safe ina shimfiɗa buhu a bakin hanyar da ke zuwa Misfala, ina gyara wa alhazai takalma da hannun jaka. Idan mutum ya kawo bel ya ce in ƙara masa huji, ina hudawa, ba na ɗaga kai in dube shi. Bas ɗin da ɗan yayata yake tuƙawa a da yana wucewa ta gabana, wani ne a ciki. Nan nake zaune.